Zaren Mele a Gonakin Roni

Mutanen Roni sun daɗe da yanke hukuncin cewa karatu ya yi wa Mele ɗan Sheriff yawa, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Yaron da aka sa a makaranta shekarar da aka sami mulkin kai, ya haye har jami'a, gwamnati ta ɗauke shi lokacin da kuɗin mai ke ambaliya ta tura shi Turai. Kowa na jiran ya dawo da mota da muƙami, sai ga shi ya sauka a tashar Kazaure da akwatin ƙarfe guda da rama a wuya. In ka tambaye shi aikin me ya yi a can shekara da shekaru, sai ya ce maka gwara ƙwayoyi suke yi. Gwara ƙwayoyi fa, ɗan mutum da gemunsa.

Amma gaskiya ya faɗa. A ƙasar da ya zauna akwai wani inji da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, zagayayye kamar zobe, kewayensa ya kusa na tsohon garin Roni. A cikinsa ake koro wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da hankali ba ya ɗauka, har su yi karo irin na raguna. In sun yi karo sai su tarwatse, masana su bi tarkacen su gano da me aka yi su. Ido ba ya ganin komai. Na'urori ne ke ji, su adana labarin kowane karo a jikin wani zare irin na kaset, sai dai ya fi shi faɗi, a naɗe a faifai mai girman faifan rufe ƙwarya.

Da injin ya tsufa aka fara gina wanda ya fi shi, sai aka sa ranar rufe shi. Aka taru, aka yi jawabai a kan abin da ya koya wa duniya, wani tsoho ya danna makunni, gurnanin nan da Mele ya saba ji har cikin barcinsa ya ɗauke. Turawa suka yi tafi suka tafi cin abinci. Shi kuwa ya koma bayan wata na'ura ya zauna ya yi kuka, don shi kaɗai ya san ba a gama ba.

A watannin ƙarshe ya ga wani abu. Ƙa'ida ita ce abin da ya shiga karo dole ya fito daidai, ko da a tarwatse, kamar ka zuba mudun gero a tabarma ka tattara ka sake auna mudu. To a wasu karo 'yan kaɗan mudun ba ya cika. Wani abu da na'urorin ba su ji ba yana sulalewa da wani kaso. Malaminsa, wani dattijon farfesa, ya duba ya ce watakila sabuwar ƙwaya ce da ba wanda ya taɓa sani, watakila kuma na'ura ce ke kuskure, kuma ba za a rarrabe ba sai an bi duk karon watannin nan ɗaya bayan ɗaya an ga sau nawa hakan ke faruwa. Kafin a fara, farfesan ya kwanta ciwon shanyewar jiki, abokan aiki suka watse zuwa sabon inji, tallafin karatun Mele ya tsaya saboda farashin mai ya faɗi. Faya-fayan nan za a goge su a sake amfani da su. Ya roƙa, ya yi naci har aka gaji da shi aka ce ya ɗauka. Su ne a cikin akwatin ƙarfen, kuma babu kwafinsu ko'ina a duniya.

Zaren ba ya son zafi, ɗakin da Mele ya kama a Kazaure kuwa, inda ya sami aikin koyarwa a sakandare, rufin kwano ne. Don haka ya kai akwatin Roni, ɗakin mahaifiyarsa Hajja Kaka, ɗakin ƙasa mai kauri wanda ko a bazara sanyinsa kamar randa. Ya buɗe ya nuna mata, ya ja zaren kaɗan ta ga yadda yake walƙiya. Faifai ɗaya, wanda mafi yawan karon nan marasa cika ke cikinsa, ya naɗe shi da jan ƙyalle ya sa a ƙasan akwatin. Ta tambaye shi amfaninsu. Da gajiya da takaici ya ce mata yanzu dai ba su da wani amfani, sai ranar da aka gyara kwamfutar da za ta karanta su. Rabin farko na maganar nan ta riƙe.

Kwamfutar da za ta iya karanta irin wannan faifai guda ɗaya ce a kusa, a wata cibiya a Kano, ita ma ta lalace, ana jiran wani ƙarfe daga waje. Mele ya yi zarya har masu gadin wurin suka sa masa suna Malam Gobe. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, in har za a kira ta damina. Shekarar fari ce. Gero ya tsaya iya gwiwar yaro ya bushe a tsaye, shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Babura, mata na tankaɗe dusa suna tuƙawa. Sai 'yan gonakin kwari, nan da can, inda ƙasa ta riƙe laima, su ne suka fid da kai suka fara ƙwaya. Idon kowa a kansu yake.

Ana cikin haka ƙarfen ya iso. Shugaban cibiyar ya ce wa Mele an ba shi mako mai zuwa, daga nan kwamfutar za ta koma aikin albashin ma'aikata, ba ranar sake samun sarari. Bai ko tsaya cin abinci ba. Ya dawo Kazaure ya ari babur ɗin wani malami, ya kama hanyar Roni da hantsi yana jin kamar ya tashi sama.

Tun kafin ya kai gari ya hango walƙiya a kwarin gabas. Ya zaci ruwa ne, ya ce ikon Allah, ruwa a wannan shekara? Da ya matso sai ya ga sanduna a kafe a cikin gero, an ja wani abu daga wannan zuwa waccan, yana juyawa a iska, yana ƙyalli, yana wani siririn kuka. Ya tsayar da babur. Ya shiga gonar da takalminsa na makaranta, ya kai hannu ya taɓa. Faɗin ya san shi, launin ya san shi.

Ƙanwarsa Yagana ya fara tararwa a tsakar gida, ita ce ta ba shi labari tana murna, don ba ta lura da fuskarsa ba. Jan-baki ne suka sauka makon jiya, tsuntsayen nan da in sun taso rana kan dushe, in sun sauka a gona kafin ka yi alwala sun mai da ita kara. Yara sun yi ihu har murya ta dushe, an kaɗa gwangwanaye, an kafa mutum-mutumi, duk a banza. Sai mijin Yagana, da ke fatauci a kasuwar Babura, ya ce ya ga mutanen ƙetaren iyaka suna ɗaura zaren kaset a gona, tsuntsu na tsoron ƙyallin. Amma ina za a sami kaset da zai rufe kwari guda? Nan Hajja ta tuna da akwati. Faifai ɗaya ya rufe gonarsu har ya yi saura. Maƙwabta suka gani suka yi sallama, kuma wa zai ce wa maƙwabci babu alhali akwai, a shekara irin wannan? Ta raba, har dangi na Babura sai da aka aika musu.

Hajja Kaka na zaune a bakin ɗaki da mazarinta tana kaɗi. Mele ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, sannan ya shiga ya ɗaga murfin akwatin. Wayam, sai ƙamshin turaren wutarta.

"Hajja, mai jan ƙyallen fa?"

Ta ce ai wannan da ta ga ya fi ji da shi, ta san ya fi sauran kyau, shi ya sa ba ta ba kowa ba sai Muhammadu Lawal na Gwiwa. Jiya-jiyan nan aka kai masa. Ta ajiye mazarin ta dube shi da kyau, sai a lokacin ta ga abin da Yagana ba ta gani ba.

"Malam, ba kai ka ce ba su da amfani ba?"

Me zai ce? Uwa ce, kayan ɗa kuwa a ɗakin uwa kayan gida ne, haka kowa ya tashi ya gani. Ya ce mata ba komai, ya fita.

Abin da ya yi daga nan, har yau tsofaffin Roni na ba da labarinsa suna girgiza kai. Ya bi gonaki yana tsinke zare daga sanduna yana cusawa a aljihu, a hula, a cikin riga. Manoma suka bi shi suna ba shi haƙuri, wasu na cewa a kira mai ruƙiyya. Shi kansa ya san aikin banza yake yi. Zaren ya sha rana kwana da kwanaki, ya miƙe, ya murɗe, an yayyanka shi da wuƙa daidai tsawon kunyar gona, fatarsa mai launin ƙasa inda labarin yake tana barewa a hannunsa kamar ɓawon gyaɗa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Da ya tuna cewa jiya kawai aka kai na Gwiwa, sai ya zubar da abin da ke hannunsa ya ruga wajen babur.

Muhammadu Lawal ba baƙo ba ne a gidansu. Bafulatani ne, aminin marigayi Sheriff tun suna samari, shi ya ba su aron saniyar tatsa a farin da aka yi Mele na yaro, shi ya yi wa Sheriff wanka ranar da ya rasu. Fari na bana ya cinye masa garke, saura 'yan ƙwarori da ba sa iya tashi sai an ɗaga su. Abin da ya rage masa a duniya shi ne wata 'yar gonar gero a gefen rugarsa, a bakin wani busasshen rafi bayan Gwiwa.

Mele ya iso bayan azahar, ƙura har gira. Ya tarar an kafe sanduna reras, Dela matar gidan da 'ya'yanta mata suna gefe-gefe suna kaɗa ƙwarya da tsakuwa a ciki, muryoyinsu duk sun mutu. Can a kan bishiyoyin rafi jan-baki ne suka yi baƙi ƙirin, suna ta ƙara, suna jiran rana ta yi sanyi. Dattijon na tsaye a bakin sandar farko, faifan a hannunsa, jan ƙyallen a kafaɗarsa. Ko taku ɗaya na zaren bai warware ba.

Mele ya durƙusa. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Hajja, aka tambayi gajiya, aka yi addu'ar sauƙin shekara, shi kuwa idonsa na kan faifan kamar zai haɗiye shi. Dattijon ya sa masa albarka, ya ce Allah ya saka wa Hajja, ya ce ashe karatun da aka tura shi zai yi wa talakawa rana. Wannan maganar ta soki Mele fiye da zagi.

Ya san abin da ake cewa game da wanda ya karɓe kyauta, balle kyautar da uwarsa ta yi da hannunta, balle ga wannan mutum. Ya san in ya buɗe baki ya zubar wa Hajja mutunci daga Gwiwa har Roni. Ya kuma san in bai buɗe ba, nan da ɗan lokaci wuƙa za ta hau zaren nan, shekarunsa na Turai da kukan da ya yi a bayan na'ura da abin nan da ya gani su tafi baki ɗaya, ba mai sake ganinsu har abada, don injin da ya haife su an riga an kwance shi an sayar da ƙarafan. Ya yi ƙoƙarin bayani. Ya kawo raguna, ya kawo mudu, ya ji kansa yana magana kamar mai zazzaɓi. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai.

"Baffa, don Allah ka ba ni shi. Kuskure aka yi."

Dattijon ya ɗaga kai. Ya dubi bishiyoyin rafi, ya dubi gonar, ya dubi ɗan amininsa a durƙushe. Bai tambayi komai ba, irinsu ba sa tambaya. Ya sauke ƙyallen daga kafaɗa, ya naɗe faifan a hankali yadda ya zo, ya miƙa da hannu biyu.

"Abinka ne, ɗana. Ka gai da Hajja."

Mele ya ce zai dawo da kaset daga Kano, buhu guda in ana so, jibi-jibin nan. Dattijon ya ce madalla. Su duka biyun sun san jan-baki ba ya jiran jibi. Ya cusa faifan cikin riga ya hau babur. Ya yi niyyar kada ya waiwaya, amma a kan tudu ya waiwaya, ya ga baƙin abin nan ya taso daga bishiyoyi ya karkata ya sauka, 'yan matan na gudu a cikinsa suna ɗaga hannuwa. Ko zaren zai hana, Allah ne masani, amma a kwarin Roni ya hana. Ya murɗa mai ya tafi yana jin ƙyamar kansa.

A Kano kwamfuta ta karɓi faifan ba gardama. Ya juya, ya juya, takarda ta fara fita. Ga su nan. Karon nan marasa cika, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ya bar su a Turai, ba mafarki ya yi ba, ba kuma hauka ba. Ya tsaya a ɗakin nan mai sanyi yana kallonsu, daɗi ya taso masa, sannan nan take ya gushe. Domin ya fi kowa sanin abin da farfesa ya ce. Faifai ɗaya ba ya shaida. In babu sauran da za a gwada da su, ba mai iya cewa sabuwar ƙwaya ce ko na'ura ce ta yi tuntuɓe a wannan makon. Tun yana durƙushe a gaban Baffa ya san haka, ya dai ƙi ya saurari kansa ne. Ya aika wa tsofaffin abokan aikinsa sakamakon duk da haka. Ɗaya ne ya amsa, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, ina sauran faya-fayan?

Kaset ɗin da ya yi alkawari ya saya, amma kunya ta riƙe masa ƙafa har aka yi girbi. Da ya je Gwiwa da buhun gero a bayan babur, bai tarar da kowa ba. Bukkoki a buɗe, turaku ba shanu, sandunan nan har yanzu a kafe a cikin karan da ba ko ƙwaya. Wani mai kiwon awaki ya ce masa sun tashi, wasu na cewa kudu suka yi, wasu na cewa ƙetare, ba wanda ya san takamaimai. Mele ya sauke buhun a bakin bukkar dattijon, ya zauna a kai har inuwa ta juya, sannan ya sake ɗaura shi, don ba wanda zai bar wa.

Roni ya nufa. Tun ranar nan bai taka gidan ba, yana gudun idon Hajja. Ya tarar da ita a bakin ɗaki, ta rame, mazarin a gefe ba auduga a jikinsa. Ba ta yi masa maganar Muhammadu Lawal ba, ko da yake labari ya iso mata tun a ranar, kuma ta daina zuwa suna da biki saboda shi. Ta amsa gaisuwarsa, ta ce ya shiga ya duba akwatinsa.

Ya ɗaga murfin. Faya-fayan ne a jere, cike da zare. Ya ɗauki ɗaya ya ja. Taku kaɗan sai ƙulli, ɗan ƙarami, tsaf, irin na masu kaɗi. Gaba kaɗan wani ƙullin, gaba wani. Yagana ta raɗa masa daga bakin ƙofa cewa tun da aka yanke gero Hajja ke bin gonaki da ƙafarta, gida-gida tana ba da haƙuri tana karɓa, har Babura ta sa aka kai ta a mota. Ta wanke zaren da sabulu saboda kashin tsuntsu, ta shanya a inuwa don ta tuna ya ce ba ya son rana, ta zauna tana ƙullawa har yatsunta suka fashe. Ya ɗaga zaren a haske. Wankin ya tafi da sauran fatar, ana ganin ƙofa ta cikinsa.

Hajja ta leƙo, ta dafa bango.

"Na haɗa maka su, Malam, ko guntu ban bari a daji ba. Injin naku zai karanta ko?"

Mele ya dubi yatsunta. Ya naɗe zaren a hankali, ya mai da faifan wurinsa kusa da 'yan'uwansa, ya rufe akwatin.

"Zai karanta, Hajja," in ji shi. "Sannu da aiki."